Jirgin Juma'a Daga Dakar

Madugu Alkasum bai ce Chaibou mutumin banza ba ne. Da haka ya faɗa, da Mariya ta san ta inda za ta kare shi. Abin da ya ce kawai shi ne Dakar ta yi nisa.

A zaure ya faɗa, gaban ƙanensa Illiya da dattawa biyu da Chaibou ya turo neman aurenta. Mariya tana bayan ƙofa riƙe da butar shayi, ta ji komai. Mahaifin nata ya ce ya san uban yaron tun yana kasa yadi a tsohuwar kasuwa. Ya san yaron yana salla. Ya kuma ji cewa aikinsa a filin jirgi, inda yake duba iska yana magana da matuƙa ta radiyo, aiki ne na mutunci. Amma tunda sarbis, wurin aikinsa, ya mayar da shi Dakar, to ya tafi shi kaɗai.

"Ba na aika ƴata inda ƙafata ba ta taka ba," in ji shi. "Ko raƙumi ban taɓa turawa hanyar da ban san rijiyoyinta ba."

Babu wanda ya tambayi dalili. Duk Agadas an san an taɓa aurar da ƙanwarsa Ramatou ga wani ɗan kasuwa da ya tafi da ita Gat, can ƙetaren hamada. Ta rasu wurin haihuwa. Labarin bai iso ba sai da ayari na gaba, lokacin yaron da ta bari har ya fara rarrafe.

Mariya ta ajiye butar a ƙasa don kada ta zubar. Ba yarinya ba ce. Ta yi lakkwal, makarantar ungozoma, a Yamai, ta dawo tana aiki a sansanin da ke bayan gari, inda makiyayan da fari ya kashe wa dabbobi suka zo suka kafa bukkoki. Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, shekarar da jar dawa ta taimako ta zama abincin kowa. Ta saba ganin abin da ba ya gyaruwa. Wannan kuwa ta ga zai gyaru.

Kashegari Chaibou ya yi abin da ɗan gari ba zai yi ba. Ya zo da kansa gaban wanda yake so ya zama surukinsa, da taswira naɗe a hammata. Ya shimfiɗa ta kan tabarma, ya miƙa zare daga Agadas zuwa bakin teku. Ya ce a sama, miƙe, kilomita dubu biyu da ɗari bakwai ne, ko da ɗan ɗoriya. Jirgi yana tashi da asuba, kafin la'asar ya sauka. Wanda ya hau raƙumi zuwa Ingal ma ba ya isa da wuri haka.

Madugu ya dubi zaren, bai taɓa shi ba. Ya tambaya, in da raƙumi ne fa?

Nan Chaibou ya yi kuskure. Ya yi lissafi a ransa, ya faɗi gaskiya. Ya ce tafiyar za ta kai wata uku, in ba a ɓata ba.

"To ka faɗa da bakinka," in ji tsohon.

Illiya ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

Illiya yana da nasa mutum. Sunansa Bahago, mai kamiyo uku, manyan motocin kaya da sojoji suka ɗauka haya suna jigilar dawa. Bai taɓa aure ba, gidansa lungu biyu ne daga nasu, kuma tun da raƙuman gidan suka mutu Illiya a sitonsa yake tsaro. Kullum maganarsa guda ce: ga wanda in Mariya ta yi tari za a ji daga tsakar gida.

Da azahar Mariya ta kai wa mahaifinta fura. Ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, ka ce ba ka aika ni inda ƙafarka ba ta taka ba."

"Na faɗa."

"To ka taka."

Ya sauke ludayin. Ta yi sauri kafin ya hana ta. Jirgin annasara da ke kawo dawa da garin madara daga tashar ruwa ta Dakar yake ɗauko su, kuma wayam yake komawa. Chaibou ya san matuƙan, kullum da shi suke magana. In Kapitan mai riƙe da garin ya sa hannu, za su ɗauke shi da Chaibou ranar Talata, su dawo da su ranar Juma'a. Ya je ya gani da idonsa. In ya dawo ya ce a'a, ba za ta ƙara ambatar sunan Chaibou ba.

Kafin Madugu ya buɗe baki, amsa ta fito daga madafa. Inna Habsatu, mahaifiyarta, ta ce wa Mariya ta bar wahalar da kanta, wannan tsohon da ko kan soro ya daina hawa, shi ne zai hau sama?

Ta faɗa ne don a rufe maganar. Madugu ya shanye furarsa, ya goge baki, ya ce a kira masa yaron.

Kapitan ɗin da ke riƙe da garin ya sa hannu kan takardar izini yana dariya. Ya ce tun da ya zo Agadas bai ji roƙo mai daɗi kamar wannan ba, kowa dawa yake nema, wannan kuwa hanya yake son gani.

Gida ya rikice da shiri. Aka daka gumba da ɗan geron da Inna ta ɓoye tun bara. Aka ɗaure cuku da dabino, aka cika salka biyu da ruwa, aka fito da bargo da takobi da mangal da buhun gawayi. Inna ta ninke likkafani ta sa a ƙasan jaka, kamar yadda take yi duk shekara in ayari zai tashi Bilma. Chaibou ya yi ta faɗa cewa Juma'a za su dawo, a can akwai abinci, akwai famfo. Kowa ya ce masa to, aka ci gaba da ɗaure kaya.

Madugu ya zaga unguwa gida gida yana neman yafiya. Tsofaffin abokan tafiyarsa suka yi ta zuwa, wasu suna kuka, wasu suna ba shi saƙon turare. Mariya tana ta dariya a ɗaki ita kaɗai, tana rufe baki da gyale. Rabonta da jin zuciyarta tana tsalle haka tun ranar da aka ce ta ci jarrabawa.

Dariyar ta tsaya ranar Litinin bayan la'asar.

Madugu ya tara dattawa a zaure, ya kama hannun ƙanensa, ya faɗi abin da kowane madugu ke faɗa kafin doguwar hanya.

"Illiya, gidana da mutanen gidana da maganar gidana suna hannunka, har in dawo ko labarina ya dawo."

Chaibou yana wurin, har ya ce amin. Mutanensa ƴan shago ne, ba su san wannan ba. Mariya ta sani. Daga wannan lokaci abin da Illiya ya ɗaura a gidan ya ɗauru, kamar Madugu ne ya yi da bakinsa. Ta tare mahaifinta a tsakar gida ta ce tafiyar ba ta kai a yi wannan ba. Ya ce duk tafiyar da ta wuce Ingal ta kai. Ubansa haka ya yi, kakansa haka ya yi, ba a kansa za a bari ba.

Talata da safe rabin unguwa ta raka shi filin jirgi. Matuƙan suka karɓi salka da takobi, suka ƙi mangal da gawayi. Madugu ya tambayi Chaibou ta yaya mutanen nan ke shan shayi a hanya, ya ji amsa, ya girgiza kai don tausayi. Ya yi bisimilla, ya shiga cikin jirgin da ƙafar dama, bai waiwayo ba. Chaibou ne ya waiwayo. Ya nemo Mariya cikin mata, ya motsa baki ba sauti: Juma'a.

Laraba Illiya ya sanar. Zai karɓi goron Bahago ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci.

Bai ɓoye ba, bai kuma yi gaggawa ba. Goron ma sai Alhamis zai iso daga Damagaram, kuma goron neman aure Juma'a ake raba shi, lokacin da dattawa ke wuri guda. Ya ce yayansa ya riga ya ƙi Chaibou gaban shaidu, tafiyar nan rigimar tsufa ce kawai. Mutum ya ɗauki guzurin wata biyu da likkafani, a ce a zauna jiransa? Gida yana cikin yunwa, ga mai rufa asiri a bakin ƙofa, kuma ba zai jira har damina ba.

Mariya ta san abin da goro ke nufi a gidansu. In aka buɗe huhun goro aka yi fatiha, kason farko fada ake kai shi, na biyu gidan liman, sauran ya bi unguwanni. Kafin magariba duk Agadas ta tauna. Madugu Alkasum zai iya jure komai, ban da ya bi gari yana cewa gidansa ya janye magana.

Ta sami Inna tana tankaɗe garin dawa. Ta zauna gabanta a ƙasa.

"Inna, ki yi wa Baba Illiya magana. Ke kaɗai yake jin kunya."

"In ce masa me? Gabanki aka ba shi gida."

"Ki ce ya jira Baba. Jibi ne fa."

Inna ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ajiye rariyar.

"Ni ma ba na so ki tafi, Mariya. Ban faɗa ba ne don na ga idonki ya rufe. Wa zai yi miki wankan jego a can? Wa zai dama miki kunun kanwa? Ke kike karɓar haihuwar matan garin nan, ke kuma ki je ki haihu hannun baƙi, ki yi kira da harshen da ba sa ji."

"Sai ki zo. Ko ni in zo. Yini guda ne."

"Haka ke da yaron kuke ta faɗa, yini guda, yini guda. Tun ina amarya nake raka mahaifinki bakin gari. Ban taɓa ganin wanda ya tafi da likkafani ya dawo cikin mako ba."

Nan hawayen suka zo, ba ta tare su ba. Ta ce ba Dakar take so ba, ba ta san kowa a can ba, ita ma tana tsoro. Da Dirku aka tura shi, can tsakiyar hamada, Dirku za ta bi shi. Ta ce a sansani ta rufe idon mata da yawa a bana, kuma duk ranar da ta fito ba ta iya magana, Chaibou ne ke tsayawa nesa da ita kaɗan, bai tambaye ta komai ba, har ta dawo hayyacinta. Bahago mutumin kirki ne, amma bai san wannan ba, ba zai kuma sani ba.

Inna ta jawo kanta ta ɗora a cinya. Su biyu suka yi kuka, garin dawa yana manne musu a fuska. Amma ba ta ce za ta yi wa Illiya magana ba.

Alhamis Mariya ta cire farar rigar aiki, ta yafa gyale, ta tafi garaji. Mace ba ta zuwa wurin mai neman ta, ta sani. Ta tarar da Bahago kwance ƙarƙashin kamiyo, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu, ya kori ma'aikatansa, ya juya mata bokiti ta zauna.

Ta gaya masa kai tsaye cewa zuciyarta tana wani wuri. Ya ce ya sani, duk gari ya sani. Amma shi ta ƙofa ya shigo, wanda ke riƙe da gida ya ce masa bisimilla, kuma zuciya aba ce da ke sabawa. Ta ce mahaifinta gobe zai dawo. Nan ya yi dariya sosai.

"Madam, ni da mota nake yawo, mai taya goma. Damagaram ɗin nan in na tafi sai mako ya zagayo. Kawuna jirgi ya hau zuwa Makka, sai da wata ya wuce muka gan shi."

"Kawunka hajji ya tsaya yi. Ba hanya ce ta riƙe shi ba."

"Shi ma tsohon zai tsaya. Wa ke zuwa garin da bai taɓa gani ba ya juyo kafin ya huta gajiya?"

"To in ka tabbata, ba ka da asara. Ka ɗaga buɗe goron daga saukowa Juma'a zuwa bayan la'asar."

Ya dube ta yana murza gemu. Ya tambaye ta shi me zai samu. Ta ce in aka sallame la'asar mahaifinta bai shigo zaure ba, ba za ta yi kuka gaban kowa ba, ba za ta kai ƙara wurin kowa ba, za ta shiga gidansa da ƙafarta.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"To la'asar," in ji Bahago. "Har magariba ma da kin roƙa, da na ba ki."

A hanya ta ciji yatsa don ba ta roƙi magariba ba. Amma Chaibou ya ce kafin azahar jirgin Juma'a ke sauka, kuma Chaibou bai taɓa yi mata ƙarya kan jirgi ba.

Juma'a tun hantsi tana filin jirgi da hujjar karɓar madarar sansani. Seydou, abokin aikin Chaibou da ya riƙe masa radiyo, ya leƙo ta taga ya ce sun taso da asuba, sun sha mai a Yamai, suna hanya. Ta kasa zama. Ta ƙirga buhunan da ba nata ba, ta gyara gyale, ta gaisa da soja ɗaya har sau biyu.

Rana tana tsaka sai ga ƙarar. Masu dako suka miƙe. Jirgin ya fito ta yamma, ƙato, ruwan toka, ya zo saitin hasumiyar babban masallaci. Mariya ta ɗaga hannu kamar za a gan ta.

Bai sauko ba. Ya bi ta kansu ya wuce, ya nufi gabas, yana ƙanƙancewa.

Ta ruga ɗakin radiyo. Seydou bai iya kallon ta ba. Ya ce umarni ne daga Yamai, yanzu ya zo. Mutanen Kawar, yankin Dirku, sun daɗe ba su ga ƙwayar hatsi ba, sojoji sun ce a kai wannan kaya Dirku. In an sauke da wuri, jirgin zai biyo ta nan ya ajiye fasinjojinsa. In ba a sauke da wuri ba, can za su kwana.

Sarjan ɗin da ke gadin ɗakin ya ce mata ta fita, nan ba wurin mata ba ne. Ba ta yi musu ba. Ta san yaran Kawar, irinsu ne take aunawa kullum a sansani, ba za ta iya cewa a hana su ba. Ta ce wa Seydou abu guda kawai: in sun sauka, kafin gaisuwa, ya gaya wa Madugu ana buɗe goron Bahago a zaurensa bayan la'asar.

Ta koma gida a ƙafa, rana tana dukan ta, ba ta ji ba.

Huhun goro yana tsakiyar zaure, lulluɓe da ɗanyen ganye, an yayyafa masa ruwa. Dattawa suka taru tun saukowa Juma'a, Illiya yana ta ba su haƙuri, yana cewa ango ne ya so a jinkirta. Mariya ta zauna bayan ƙofa, kunnenta ɗaya a zaure, ɗaya a sama. Inna ta zo ta zauna kusa da ita.

Inuwar katanga ta yi tsawo. Ladan ya kira la'asar. Maza suka fita, zaure ya rage daga huhu sai takalman da wani ya manta. Mariya ta riƙe hannun Inna, ta matse.

Ana cikin salla ta ji. Da farko kamar cikin kunnenta ne. Sai ƙofar langa-langa ta fara rawa, awakin maƙwabta suka firgita, ƙarar ta sauko ƙasa ƙasa ta bayan gari. Ta miƙe tsaye. Inna ta jawo ta ta zaunar.

Maza suka dawo da sauri fiye da yadda suka fita. Kowa ya ji jirgin. Illiya ya ce jiragen dawa kullum sauka suke, a buɗe. Wani dattijo ya ce ko a ɗan dakata? Duk suka dubi Bahago. Ya daina murmushi, amma muryarsa ba ta rawa. Ya ce la'asar aka ce, kuma an yi la'asar.

Illiya ya yanke igiya. Ƙamshin ɗanyen goro ya shigo har tsakar gida. Liman ya gyara zama, ya soma da salati, a hankali, yadda ya saba. Mariya ta sa gefen gyale a baki ta cije. Ta yi alkawarin ba za a ji kukanta ba.

Liman ya ɗaga hannuwa zai ja fatiha, sai mota ta ci birki a ƙofar gida. Landiroba ce ta sojoji. Aka ji wata murya tana sallama da ƙarfi kamar mai kiran raƙuma daga nesa.

Madugu Alkasum ya shigo, rawaninsa ya yi ja da ƙurar dawa, Chaibou yana bayansa. Ƙarar inji ta toshe masa kunne, bai san ihu yake yi ba. Bai gaisa da kowa ba. Ya miƙa wa ƙanensa hannu.

"Illiya, na dawo. Kawo maganar gidana."

Illiya ya dubi goron, ya dubi liman da hannuwansa ke sama har yanzu. Ba a ja fatiha ba, kowa shaida ne. Ya sa hannunsa cikin na yayansa, ya ce ga ta. Liman ya sauke hannu.

Madugu bai zauna ba. A tsaye ya ba da labari, da wannan muryar da ake ji har lungu. Ya ga Dakar. Ya ga ruwan da ba shi da ƙarshe, ya ɗanɗana, bai shayuwa. Ya ga gidan da za a ba yaron, da masallacin unguwar, da wata Bahaushiya ƴar Maraɗi a maƙwabta mai ƴaƴa bakwai. Duk wannan bai gamsar da shi ba. A tafiya bai gane komai a ƙasa ba, ya ce a ransa wataƙila garin kusa yake, yaran zamani ne suka ƙara masa lamba a takarda, ko kuwa nesa yake suka rufe masa ido.

"Sai yau da suka wuce da mu Dirku," in ji shi. "Wannan hanya tawa ce, ba mai gaya mini ita. Na manna fuska a ƴar tagar nan. Na ga inda duwatsun Ayar ke ƙarewa. Na ga Tenere, inda muke kwana da kwanaki ba inuwa, inda na binne mutanena. Na hango dabinon Fashi. Ban gama yi wa matattuna addu'a ba aka ce mu riƙe igiya, za mu sauka."

Tsofaffin ƴan ayari suka dubi juna.

Ya juya wajen Bahago, ya rage murya iya yadda ya iya. Ya ce bai yi laifi ba, ta ƙofa ya shigo, gidan kuma ba zai manta da mutuncinsa ba. Bahago ya daɗe yana kallon huhun. Sannan ya ce goro an riga an buɗe, ba ya komawa Damagaram. A raba shi na barka da saukar Madugu. Ya tashi ya sa takalmi ya fita, bai dubi ƙofar tsakar gida ba.

Illiya ya yi ƙarfin hali. Ya ce Yaya, duk da haka, wata uku ne fa a ƙasa, yaron da bakinsa ya faɗa.

"Illiya, tun asuba ban sha ruwa ba, ban runtsa ba, da gangan. Alwalar da na yi a Dakar, da ita na yi asuba a can. Da ita na yi azahar a Dirku. Tana nan har yanzu." Ya waiwayi Chaibou. "Garin da alwala guda ke kawo ni gida daga cikinsa, zan iya ba shi ƴata. Ka turo mutanenka gobe."

Bayan ƙofa Mariya ta saki gyalen daga bakinta. Kukan da ta riƙe ya fito haɗe da dariya, har zaure aka ji. Inna ta rufe mata baki da tafin hannu, ita ma kafaɗunta suna rawa.

Dattawa suka taso da hannuwa a miƙe, kowa yana so ya gaisa, kowa yana da tambaya kan teku. Madugu ya ture su da gwiwar hannu, yana neman gabas.

"Ku matsa mini," in ji shi. "In yi la'asar tun ba ta karye ba."